Tarihin malamai, makaɗa da magina: me ya raba littafin da ya ci gasa da littafin kirari?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Wata tambaya ce take ci mini tuwo a ƙwarya. Littattafan tarihin rayuwar manyan mutane da suke cin gasa a duniya, na malaman addini ne, na makaɗa ne, na masu zane ne, me alƙalai suke gani a ciki? Ƴan littattafan da ake shimfiɗawa a ƙofar masallaci ko a Kasuwar Dole ta nan Zinder a kan wani shehi ko wani mawaƙi, da yawansu ba su wuce shafi 40 ba, rabi kirari rabi addu'a, babu shekara, babu sunan wanda ya ba da labarin. In ana son a yi wa makaɗi Ma'azu Ɗan Alalo ko wani babban malamin unguwar Birni littafi na ƙwarai, ta ina ake kamawa?

Malamin Birni:
Wa alaikumus salam, ƴata. Fara da wanda da wuya ki shiga zauren malami a garin nan ki rasa shi, wato Ar-Rahiƙul Makhtum na Shehu Safiyur Rahman Mubarakfuri, mutumin Indiya. Gasa ce ta haife shi. A shekara ta 1396 bayan Hijira, daidai da 1976, a taron sira da aka yi a Pakistan, Rabiɗa ta Makka, wato ƙungiyar Musulmin duniya, ta yi shelar gasar rubuta tarihin Manzon Allah (SAW), ta ajiye riyal 150,000 a raba wa mutum biyar. Rubuce-rubuce 171 suka iso: fiye da 80 da Larabci, 64 da Urdu, 21 da Ingilishi, ɗaya da Faransanci, ɗaya kuma da Hausa. E, da Hausarmu. Na Mubarakfuri ya zo na ɗaya, aka ba shi riyal 50,000 a Makka a 1399.

To me ya yi? Labari ko ɗaya bai ƙago ba, duk yana cikin Ibnu Hishamu da Zadul Ma'adi da littattafan hadisi. Aikinsa jerantawa ne da rarrabewa. Ga misali guda. Yawancin marubutan sira na dā suna sa yaƙin Zatur Riƙa'i a shekara ta 4. Shi ya kai shi shekara ta 7, bayan Haibara, ya bi Buhari, don Abu Musal Ash'ari da Abu Huraira sun halarci yaƙin, su kuwa ba su iso wurin Annabi ba sai a lokacin Haibara. Kin ga dabarar: ba a san ranar abu ba, sai a duba wa ya halarta, a tambayi yaushe wannan mutumin ya zo. Dabarar nan tana aiki a kan malamin unguwarku kamar yadda take aiki a sira.

Mushe Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, bari in ɗora. Akwai littafin sira na Martin Lings, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya fito a 1983, gwamnatin Pakistan ta ba shi kyauta. Shi ƙarfinsa a daɗin ba da labari yake, amma ya kafe a kan madogarai na farko: Ibnu Ishaƙa, Waƙidi, Ibnu Sa'ad.

Amma wanda ya fi kusa da aikin da yarinyar nan take magana shi ne littafin da aka yi a kan Malcolm X, wato Alhaji Malik Shabazz na Amurka, wanda ɗan jarida Les Payne ya fara a 1990. Kusan shekara 30 yana bin mutanen da suka san shi da ido, har da ƴan'uwansa na ciki ɗaya, yana ɗaukar maganarsu. Ya rasu a 2018 bai gama ba, ɗiyarsa Tamara ta ƙarasa. Littafin ya fito a 2020, ya ci babbar kyautar littattafai ta ƙasar Amurka a shekarar, ya ci kyautar Pulitzer a 2021. Abin lura, da yawa daga waɗanda ya yi hira da su sun riga littafin barin duniya. Saboda haka tsarin aiki ba daga ɗakin karatu yake farawa ba. Takarda tana jira, tsoho ba ya jira. A zauna a rubuta sunan duk wanda ya yi zamani da mutumin, a jera su bisa tsufa da lafiya, ba bisa girman rawani ba. Tsohuwar da ta yi shekara 30 tana kai wa malam abinci a zaure tana gaba da jikan da ya gaji limanci amma bai wuce shekara 6 ba lokacin da aka yi rasuwar.

Alhajin Zango:
Ni fa ina da ja. Wannan tsarin Nasara ne, a tone mutum ciki da bai, a faɗi bashin da ya ci da matar da ya saki. Mu an hore mu da ambaton alherin mamaci. Malami ya kwanta dama, almajiransa suna nan, ƴaƴansa suna nan, kai kuma ka zo da biro kana neman inda ya yi tuntuɓe don wasu alƙalai a ƙetare su tafa maka? Littafin kirarin da ake rainawa ɗin nan, aƙalla bai raba zumunci ba.

Malamin Birni:
Alhaji, ranka ya daɗe, tantance labari ba daga Turai ya zo mana ba. Malaman hadisi ne suka kafa ilimin sanin maruwaita, su ce wane amintacce ne, wane yana da mantuwa, wane bai sadu da wanda yake cewa ya ji daga bakinsa ba. A ƙasashenmu ma Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Nailul Ibtihaj, tarihin malaman Malikiyya, mutum bayan mutum, da malamansa da littattafansa da shekarar rasuwarsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisur ya kawo malaman Barno da Ahir da ƙasar Hausa kafin ya shiga labarin mahaifinsa.

Inda nake tare da kai shi ne sirrin ɗaki. Ma'aunin shi ne: shin abin ya taɓa karatunsa, ko wa'azinsa, ko dalilin ƙaurarsa daga wani gari zuwa wani? In saɓani da sarki ne ya fitar da shi daga gari, dole a faɗa, in ba haka ba mai karatu zai ga mutum ya tashi daga Mirriya ya koma Kano ba dalili. In kuwa rigimar cikin gida ce da ba ta canza komai a aikinsa ba, a bar ta inda take.

Karama kuma ba a share ta, ba a kuma rantse a kanta. A rubuta: almajirinsa wane ya ce ya gani da idonsa a shekara kaza, ko kuwa, ana faɗa a unguwa, amma duk waɗanda suka faɗa ji suka yi. Waziri Giɗaɗo ya tara karamomin Shehu Usmanu a Raudul Jinan, masu tarihi kuma har gobe suna amfana da shi, don a cikin labaran nan ne sunayen mutane da garuruwa suke fitowa.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam ya gama magana a kan wannan. Ni shekaru nake so a tsaya a kai, don nan ne littattafanmu suke faɗuwa tun shafin farko.

Na ɗaya, takardar haihuwa. Dattijon da aka haifa zamanin Faransa, yawanci abin da ke kan katinsa "né vers" ne, wato wajejen shekara kaza, kuma sau da yawa ƙiyasi ne aka yi ranar da za a sa shi lakwal ko za a yi masa takardar tafiya Makka. Wani an rage masa don ya samu shiga aji, wani an ƙara masa don haraji ko aikin soja. Kada a kwafe ta a matsayin hujja. A auna ta da abin da gari ya sani: shigowar Faransawa Damagaram bayan yaƙin Tirmini a 1899, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, hawan Sarki Umaru Sanda a 1950, ƴancin kai a 1960, juyin mulkin Seyni Kunce a Afrilun 1974, yunwar El Buhari ta 1984. Ba a tambayar tsoho "wace shekara?" Ana cewa: lokacin da aka yi kaza, an yi maka kaciya? Ka fara azumi? Kin yi haihuwar fari? Amsa uku irin wannan suna matse shekarar haihuwa ta dawo cikin tazarar shekara biyu ko uku, sai a rubuta tazarar yadda take, kada a zaɓi ɗaya don shafi ya yi kyau.

Na biyu, juya Hijira zuwa Miladiyya. Lissafin gaggawa: a ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622. Gwada da 1399 da Malam ya ambata: 1357 da 622, ya ba da 1979. Amma shekarar Hijira kwana 354 ce, tana hawa kan shekarun Miladiyya biyu. Shehu Usmanu an haife shi a Maratta, nan cikin Nijar ta yau, a 1168. Shekarar ta faro a 1754 ta ƙare a 1755, watan Safar ne ya tsayar da ita a Disamban 1754. In ba a san wata ba, a rubuta biyun, 1754/55. Ku duba Nana Asma'u: bangon littafin da Jean Boyd ta yi a kanta a 1989 ya ce 1865 ta rasu, wasu littattafan kuma 1864. Sannan in an ce malam ya yi shekara 99 da lissafin wata, da lissafin rana 96 ne, don kowace 33 tana zubar da ɗaya.

Malamin Birni:
Hajiya ta tuna mini ramzi. Malamanmu a ƙarshen waƙa ko littafi ba su cika rubuta shekara da lamba ba, sai su dunƙule ta cikin kalma, kowane harafi da adadinsa. Tarkon shi ne lissafin abajada iri biyu ne, na Gabas da na Magrib, mu kuma na Magrib muke bi. A namu shin 1000 ce, sin 300, sad 60, lad 90, zadi mai hannu 800, angai 900. A na Gabas shin 300 ce, angai ce 1000. Ɗauki shin, ra, ya, ha ƙarami: a namu 1000 da 200 da 10 da 8, wato 1218, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu, 1804. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet zai samu 518, ya mayar da mutumin baya da shekara 700.

Kuma a rarrabe shekarar da aka wallafa da shekarar da aka kwafa. Abin da ke ƙarshen takarda sau da yawa na magatakardan da ya kwafa ne, har da sunansa da na mai littafin. A ɗaga takardar a hasken rana: in an ga alamar jinjirin wata uku a jere a jikinta, takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, ta yi yawa a ƙarni na 19. Ba ta ba da shekara, amma tana hana a ce rubutun hannun wani ne da ya rayu tun kafin irinta ta iso.

Ɗalibar Tarihi:
Allah ya ƙara sani, Malam. To in iyalan sun fito da gafaka, yaya ake ɗaukar hoton takardun ba a ɓata su ba? Wasu ba sa yarda a fita da su ko ƙofar gida.

Mai Kaset:
Ƙanwata, kuma suna da gaskiya, kada ma ki roƙa. A zauren ake yi. Tabarma, baƙin ƙyalle a shimfiɗe, inuwa mai haske wajen ƙarfe 9 zuwa 11 na safe, a kashe fitilar kyamara. Salula ta tsaya sak bisa takardar, ba a karkace ba, a ajiye ƴar rula a gefe don a san girmanta. Takardun gafaka warwatse suke, ba ɗinki, ba lambar shafi. Abin da ke haɗa su kalmar nan ce da ake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Saboda haka a ɗauka ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, a kife kowace a kan ta baya, kada a ce za a gyara jeri a wurin. Kada a sa salatif a inda ya yage, gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo. Kada a lashi yatsa, tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, danshi kaɗan yana kwashe ta. In an gama a ba iyalan kwafi a bugu da kuma a kan katin salula. Wanda ke son ganin yadda ake jera irin waɗannan, sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, yana nan.

Murya kuma, tunda ita ce sana'ar. A ɗauka a WAV, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, a saita 48 kHz, 24 bit. Awa ɗaya ta murya ɗaya tana cin wajen mega 520, in sitiriyo ce giga ɗaya da ɗan ɗori, don haka kati mai giga 32 ya isa hira da yawa. Makirfo ya zauna kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana. A kashe fanka ko da ana zufa, a nisanci firji da injin niƙa, a tashi kafin kiran salla maimakon a yanke tsoho a tsakiyar magana. Farkon kowace ɗauka a faɗi rana, wuri, sunan mai magana, dangantakarsa da mamacin, a kuma ɗauki yardarsa da bakinsa cewa a sa a littafi. Kada hira ta wuce awa ɗaya da rabi. Gara a koma sau uku, don a zuwa na farko abin da aka saba faɗa wa baƙi ake ba ka, sai a na uku ake cewa "af, na manta ban gaya maka ba".

Abin da ya fi kashe aiki: a tura wa mai rubutawa ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, a goge asalin. Manhajar tana matse sauti, baƙaƙe irin su ƙ da k, ɗ da d su cakuɗe a bakin tsohon da ba haƙora. A tura a matsayin fayil, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida dabam. Kuma a ware lokaci: awa ɗaya ta magana tana cin awa 5 zuwa 8 wajen mayar da ita rubutu. Hira 40 ke nan aikin watanni.

Alhajin Zango:
To na ji na malamai. Makaɗi fa? Shi ba gafaka, ba ijaza, ba silsila. Abin da ya bari waƙa ce, waƙar ma yabon wanda ya ba shi doki. Wane tarihi za a tatsa a nan?

Mushe Mai Ritaya:
Alhaji, waƙar ita ce gafakarsa. An ma yi a maƙwabta: Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Mamman Shata a 1999, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana tattara rayuwar makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Hanyar a buɗe take.

Waƙar fada tana ɗauke da kwanan watanta a ciki, in an iya karantawa. Sarautar da aka kira mutum da ita: in an kira shi da wadda ya riƙe kafin a ɗaga shi, waƙar ta riga naɗin. Sarkin da ake yi wa addu'ar daɗewa: in Umaru Sanda ne a gadon Damagaram, tsakanin 1950 da 1978 ake. Kyautar da aka lissafa: Fijo 404 ba ta fito ba sai 1960, 504 sai 1968. In an yi waƙar a Najeriya ana ambaton fam da sule, kafin Janairun 1973 ne ko dab da shi, in naira ce bayan nan. Mutanen da aka ce "Allah ya jiƙan wane" a ciki, a nemo shekarar rasuwarsu.

Sai dai a yi hattara, makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Gindin waƙa yana nan, ɗiyan suna canzawa: yau ya sa wane don yana wurin, gobe ya cire shi don sun ɓata. Saboda haka shekarar da aka gano ta wannan ɗaukar ce, ba ta haihuwar waƙar ba. Littafi mai kyau yana cewa: ɗaukar gidan rediyo ta ce kaza, ta bikin gidan wane ta ce kaza.

Kuma a nemi ƴan amshi da makaɗan, su ne suka san komai: wa ya ƙago gindin, wa yake ɗaure ganga, yadda ake raba kuɗi bayan wasa, wa ya bar ƙungiya da dalili. A rubuta kayan kiɗan da sunansu, kotso ne, taushi ne, kalangu ne, ganga ce, kada a ce "kayan gargajiya" a wuce.

Mai Kaset:
Tsofaffin kaset-kaset ɗin nan ma a bi su a hankali. Kafin a sa kowane a rediyo, a ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na samansa, kada wani ya danna jan maɓalli ya shafe. A duba ɗan audugan da ke ƙarƙashin zaren, in ya faɗi murya za ta fito a dushe. Ana manna wani ko a sauya wa zaren gida. A juya shi da biro daga farko zuwa ƙarshe don ya saki, musamman C120, wato mai minti 120, zarensa siriri ne, shi rediyo ta fi taunawa. A goge kan rediyon da auduga da alkol. Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa. In bel ya saki ko batir ya yi sanyi gudu ya canza da kashi 6 cikin 100, murya ta tashi ko ta sauka da rabin mataki, sai dattijo ya koma kamar saurayi, mai nazari kuma ya ce ai wannan tun yana yaro ya yi ta. Kaset ɗin kasuwa kuwa kwafin kwafi ne, abin da aka rubuta a bayansa hannun mai shago ne, ba hujja ba ne.

Hajiyar Sabon Gari:
Ba a taɓa masu aikin hannu ba, alhali tambayar ta haɗa da su. A Ingila Hilary Spurling ta yi shekara 15 a kan mai zanen nan na Faransa, Matisse, littafi biyu, 1998 da 2005, na biyun ya ci kyautar Whitbread ta littafin shekara. Abin da ya ɗaga aikinta: masana sun daɗe suna ganin zanensa ya yi duhu wajen 1902 zuwa 1903 suna ta fassara, ita kuwa ta bi wasiƙu da jaridun lokacin ta gano surukansa ne wata babbar badaƙalar kuɗi ta iyayen gidansu ta rutsa da su, gidan ya shiga ƙunci. Wannan shi ne abin da Malam ya faɗa ɗazu, sirrin da ya taɓa aiki.

Mu a nan masu zanenmu magina ne da dukawa da masu ɗinkin hannu. Falke Barmu, magini manomi na Yama a jihar Tawa, ya gina masallacin Juma'ar garinsu da ƙasa a 1962, ya dawo ya sake masa fasali daga 1975, aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Kyauta ta duniya ke nan a hannun mutumin karkara. Gidajen Birni da Zango masu zane a fuska kuwa kowa yana ɗaukar hotonsu, amma hoton ba ya faɗin wa ya yi. Tarihin magini a bango yake. A bi gida gida: wa ya sa aka gina, wa ya yi zanen, wa ya koya masa, an sake yaɓe ko ba a sake ba, yaushe aka shafa siminti. A auna ƙofar zaure da tsayin zanko, a ɗauki hoto da sassafe ko da la'asar lokacin da rana take bugun bango a karkace, don da tsakar rana zanen da aka tono ba ya fitowa. A yi kafin damina, kowace shekara ruwa yana cin wani.

Alhajin Zango:
Hajiya, na sauko rabi. Amma zambo fa? Makaɗin fada rabin gwanintarsa zambo ne da habaici ga abokan hamayyar ubangidansa, kuma jikokin waɗanda aka yi wa suna nan muna haɗa sahu da su. A buga wannan a takarda?

Mushe Mai Ritaya:
Baitin a buga shi yadda aka rera, don yana kaset, kowa ya ji. Abin da ba dole ba shi ne fassara shi da suna. Makaɗin da kansa bai kama suna ba, siffa ya yi. Marubuci ya ce an yi wa wani mai neman sarautar a lokacin, ya tsaya nan. In tsofaffi biyu sun ba da suna biyu dabam, wannan kaɗai ya isa dalilin yin shiru. Kafin a buga cikakken matanin waƙoƙi kuma a zauna da magada, a rubuta yarjejeniya, a tuntuɓi BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa. André Salifou da jami'armu take ɗauke da sunansa, da ya fitar da tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, bakin dattawan garin nan ya bi ya haɗa da takardun Faransawa. Ga shi har yau ana karantawa, gari bai tashi ba.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode iyayena. Saura bugu. Da wace Hausa za a rubuta, kuma me ake gaya wa mai injin?

Mai Kaset:
Maganar mutane a bar ta da Damagaranci yadda ta fito, bayanin marubuci ya bi daidaitacciya. A zaɓi ƴ irin ta Nijar ko 'y irin ta Najeriya tun shafin farko, kada a gauraya. A kai wa mai bugu PDF da haruffan a ƙulle a ciki, in aka kai masa Word kwamfutarsa tana iya mayar da ƙ, ɗ, ɓ akwatuna ko ta zubar da ƙugiyar, ƙafa ta koma kafa. A nemi gwaji ɗaya a kan takarda, wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta shi da ƙarfi. Girman A5, takarda giram 80, bango giram 250 zuwa 300, yawan shafi ya rabu da 16 don haka ake naɗe takardar. A ce a ɗinke, kada a tsaya ga gam kaɗai. Littafi mai shafi 300 da aka manna, zafin watan Afrilu ɗaya a cikin shago ya isa ya sa ya fara zubar da ganye. Hotuna a haɗa su wuri ɗaya a takarda mai sheƙi shafi 8 ko 16, ya fi araha bisa a warwatsa su, kowane da sunan mai shi da inda aka samo.

Malamin Birni:
A ƙara shafi biyu na Ajami a ƙarshe in malami ne, silsilarsa da sunayen littattafan da ya karantar, don almajiransa da yawa ba boko suke karantawa ba. Waɗannan a ba mai kyan hannu ya rubuta da alƙalami da tawada a ɗauki hoto, yawancin haruffan Larabci na kwamfuta ba su da ɗigon imala na warash, wanda yake ba da wasalin e, kuma fa da ƙaf ɗinsu na Gabas ne.